Kuskut, Zaren Da Ke Kashe Garka

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana da garka, ko kana aiki cikin garkar wani, wannan darasi naka ne. Idan kuma ke ce, ƴar'uwa, mai zuwa ɗibar ganye ko sarin kayan miya, ke ma ki saurara.

A Yamai, da damina ta ɗauke, sai aikin garka ya tashi. Daga Gudel da Yantala har Gamkalle da Saga, da ƙetaren kogi wajen Lamorde da Kirkisoi, da cikin kwarin Gunti Yena, ko'ina ban ruwa ake yi. Tumatir, albasa, tattasai, tonka, karoti, salati da shu, su ne ke cika kasuwar Katako da ta Wadata. Da kuɗinsu magidanci ke sayen hatsi, ya yi wa iyali tufafi, ya kai yaro likita.

To, wata safiya ka shiga garkarka. Sai ka ga wani abu kamar zare, rawaya, ya nannaɗe tumatir guda biyu ko uku. Ba shi da ganye. Ka ce a ranka: "Wannan ɗan abu me zai yi?" Ka wuce. Bayan sati biyu ka tarar ya rufe fangalin duka, kamar an shimfiɗa tarun masunta. Tumatir ya yi yaushi, ƴaƴansa sun tsaya ƙanana. Wahalar wata uku ta tafi a banza.

Wannan zare ciyawa ce. Yau za mu koyi abu uku a kanta: yadda za ka gane ta, yadda za ka bambanta ta da masu kama da ita, da yadda za ka fitar da ita daga garka.

Mece ce kuskut?

Malaman gona suna kiran ta kuskut. Sunanta ke nan da Faransanci, mu ma da shi za mu kira ta cikin wannan darasi.

Danginta sun kai wajen iri 200 a duniya. Wadda ta fi ɓarna cikin garake baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Arewa. Ba da ƙafa ta zo ba, cikin buhun iri ta ɓuya. Ƴaƴanta sun gauraya da irin shuka, musamman irin luzan, ciyawar nan da ake nomawa don dabbobi. Da haka ta ƙetare teku, ta shiga Turai da Asiya da Afirka.

Ga kamanninta. Jikinta siriri ne kamar zaren ɗinki mai ɗan kauri. Launinta rawaya ne, wani lokaci ya yi ja-ja kamar ɓawon lemo. Santsi gare ta, ba gashi, ba ƙaya. Idan ka ja ta, nan da nan take tsinkewa. Ba ta da ganye. Idan ta girma ba ta da saiwa. Furenta ƙanana ne ƙwarai, farare, suna fitowa a dunƙule jikin zaren. Bayan fure sai ƴan ƙwanso su fito, kowane da ƙwayar iri biyu zuwa huɗu a ciki. Ƙwayar ba ta kai ta gero girma ba, launinta na ƙasa ne. Idan ta faɗi ƙasa ba ka ganin ta.

Abin mamaki, dangin dankali ce. Amma dankali yana ciyar da mutum, ita kuwa ƙwace abincin mutum take yi.

Yadda take rayuwa

Kowace shuka da ka sani tana da saiwa da ganye. Saiwa tana jawo ruwa da taki daga ƙasa. Ganye yana karɓar hasken rana, ya dafa wa shuka abinci. Ganye shi ne madafar shuka. Kuskut ba ta da saiwa, ba ta da madafa. To da me take rayuwa? Da abincin wasu.

Bi ta daga farko ka gani.

Ƙwayar irin tana kwance cikin ƙasa, kusa da sama. Idan ta samu laima da ɗumi, sai ta tsiro. Abin da ke fitowa ɗan zare ne, tsawon yatsa. Ɗan guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗai gare shi. Sai ya dinga juyawa a hankali, yana lalube, kamar makaho mai neman sanda. Idan ya taɓa karan tumatir ko na wani haki, sai ya nannaɗe shi. Idan bai samu kowa ba cikin kwana 5 zuwa 10, guzurinsa ya ƙare, sai ya mutu. Ka riƙe wannan magana da kyau, za mu dawo kanta.

Lalubensa ba na banza ba ne. A shekarar 2006 wasu masu bincike a Amurka sun nuna cewa ɗan tsiron kuskut yana jin ƙanshin tumatir, yana karkata wajensa. Da suka ajiye masa tumatir da alkama, tumatir ya fi zaɓa.

Da ya nannaɗe kara, sai ya fitar da wasu ƴan ƙuraje a gefen da ke manne da shukar. Waɗannan ƙuraje bakunansa ne. Suna huda fatar kara, su shiga har cikin jijiyoyin da ke ɗauke da ruwa da abinci. Daga nan sai tsotso, kamar yadda kaska ke yi wa saniya. Da abinci ya fara zuwa, sai gindin zaren da ke ƙasa ya bushe. Daga ranar nan kuskut ta rabu da ƙasa, ta koma zaune bisa shukarka.

Sai girma. Cikin yini guda tana iya ƙara tsawon yatsa. Tana yin rassa, kowane reshe ya miƙa ya kama shukar da ke kusa. Ta bi layi, ta tsallaka wani fangali. Shukar da ta kama tana ramewa, ganyenta ya yi fari-fari, ƴaƴanta su ragu. Ƙaramar shuka mutuwa take yi. Ban da haka, tana iya ɗaukar cuta daga shuka marar lafiya ta kai wa mai lafiya, tunda bakinta yana cikin jikinsu duka biyu.

Daga baya sai fure, sai iri. Kuskut guda tana zubar da dubban ƙwayoyi. Ƙwayar tana da ɓawo mai tauri. Ba duka suke tsirowa shekara guda ba. Wasu bana, wasu baɗi, wasu kuwa suna iya kwana cikin ƙasa shekara 10 ko fiye. Ka gani ke nan, wanda ya bar ta ta yi iri sau ɗaya, ya ɗauko wa kansa aikin shekaru.

Abin da take ci da abin da ba ta ci

Kuskut tana son shuka mai faɗin ganye da taushin kara. Tana kama tumatir, tattasai, tonka, yalo, karoti, dankalin turawa, wake, na'ana'a da luzan. Tana kama albasa. Tana kama hakukuwa da yawa da ke fitowa gefen fangali da bakin hanyar ruwa. Can take fakewa idan garka ba kowa.

Amma akwai waɗanda ba ta iya rayuwa a kansu. Su ne dangin hatsi: gero, dawa, masara, shinkafa da alkama. Tana iya nannaɗe karan masara, amma ba ta samun abin kirki a jikinsa. Wannan ma ka riƙe shi, makami ne a hannunka.

Kama da wane ba wane ba ne

Ba kowace ciyawa mai hawa ba ce abokiyar gaba. Wasu abinci ne, wasu magani, wasu kayan sana'a. Kada tsoron kuskut ya sa ka tuge abin da iyalinka ke ci. Kada kuma ka bar kuskut kana tsammanin wata ce. Bari mu jera su ɗaya bayan ɗaya.

Yaɗiya. Kowa ya san ta. Tana yaɗo a ƙasa, tana hawa shinge da itace. Tana da ganye kore, biyu-biyu suna fuskantar juna. Tana da saiwa mai zurfi, shi ya sa take kore har cikin rani. Mata suna dafa ganyenta su kwaɗa da ƙuli-ƙuli. A shekarun yunwa ta ceci mutane da yawa. Dabbobi ma suna cin ta. Yaɗiya ba ta tsotson kowa. Idan ta yi wa ƙaramin itace nauyi, rage ta kawai.

Garahuni. Ganyensa a yayyanke yake kamar tafin hannu. Yana da ƴan siraran hannuwa masu murɗewa, da su yake kama shinge. Furensa rawaya ne. Ɗansa yana da ƙuraje, idan ya nuna sai ya yi ja ya fashe. Ɗaci gare shi, ana sa shi a miya, ana yin magani da shi. Ka lura, hannuwan garahuni suna iya ruɗin ido, don sirara ne kamar zare. Bi su da yatsa, za ka tarar da ganye a gindinsu.

Fataka. Ganyenta kamar zuciya, toka-toka, mai laushin gashi. Idan ka karya ta, farin nono ke fitowa. Majema suna aiki da ita wajen cire gashin fata. Guba ce ga dabbobi, kada ka zuba musu. Ita ma da saiwarta take ci.

Duman kada. Yana son wuri mai laima, bakin kogi da bakin tabki. Yaɗo yake yi a ƙasa. Ganyensa faffaɗa ne, furensa babba, ja-ja mai kamar mazurari. Yana cutar da dabbar da ta ci shi da yawa. Yana cinye wuri, amma ba ya huda shuka.

Kauci. Shi ma ɗan tsotso ne, amma bisa reshen itace yake zama. Yana da ganye kore masu kauri, da fure ja kamar tsinken ashana. Tsuntsaye ke kai irinsa. Ba ya nannaɗewa, ba ya sauka cikin fangali.

Gaugai, wanda wasu ke kira ƙuduji. Wannan manoman gero da dawa da wake sun san sharrinsa. Tsotso yake yi, amma daga ƙarƙashin ƙasa, a jikin saiwa. A tsaye yake fitowa, ba ya hawa komi. Gaugai ɓarawon ƙasa ne, kuskut ɓarauniyar sama.

Rumfar gada, wadda ake kuma kira soyayya. To, nan ne wurin ruɗewa. Ita ma zare ce marar ganye. Ita ma tana nannaɗewa tana tsotso. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu guda, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Rumfar gada ƴar ƙasa ce, kakanninmu sun san ta, masu maganin gargajiya suna aiki da ita. Ga inda suka bambanta:

1. Rumfar gada ta fi kauri da ƙarfi. Idan ka ja ta, tana yi maka gardama kamar igiya. Kuskut tsinkewa take yi ba wuya.

2. Rumfar gada tana da kore-kore a jikinta, musamman sabon toho da wanda ke cikin inuwa. Kuskut ta garka rawaya ce.

3. Ɗan rumfar gada mulmulalle ne, mai ruwa, girman ƙwayar wake. Idan ya nuna fari ne, ƙwallo guda ke ciki. Ɗan kuskut busasshen ƙwanso ne ƙarami, mai ƙwaya biyu zuwa huɗu.

4. Rumfar gada ta fi son itatuwa da sarƙaƙiya da shinge, tana shekara da shekaru a kansu. Kuskut ta fi son kayan garka masu taushi.

Idan rumfar gada ta hau mangwaronka ko lemonka, ita ma ɓarna take yi. Sare reshen da ta kama, ka ƙone. Amma wadda ke can daji bisa sarƙaƙiya, ba ruwanta da fangalinka.

Ga hanya mai sauƙi. Duk ciyawar da ka gani ta hau shukarka, yi mata tambaya uku. Ta ɗaya: tana da ganye? Ta biyu: idan na bi ta da yatsa, tana kai ni ga saiwa cikin ƙasa? Ta uku: idan na warware ta, tana fita salin-alin, ko ta manne ta bar tabo jikin kara? Mai ganye da saiwa, mai fita ba tabo, hawa kawai take yi. Marar ganye, marar saiwa, mai barin tabo, ita ce mai tsotso. Idan kuma rawaya ce, siririya, mai saurin tsinkewa, bisa kayan garka, to kuskut ce, ba shakka.

Ta ina take shigowa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofofin kuskut guda shida ne.

Ta farko, iri. Irin da aka auna maka a kasuwa cikin ƙullin leda, ba suna, ba takarda, yana iya zuwa da ƙwayoyinta. Irin luzan da na karoti da na albasa ƙanana ne, ƙwayar kuskut tana ɓacewa cikinsu.

Ta biyu, dashe. Ka sayo dashen tumatir ko na albasa daga wata garka, ashe da ɗan guntun zare manne a jiki.

Ta uku, taki. Dabba ta ci ciyawa mai kuskut. Ƙwayar tana da tauri, tana ratsa cikin dabba ta fito da ranta. Ka kwaso ɗanyen taki ka zuba, ka shuka ta da hannunka.

Ta huɗu, ruwa. Ƙwayoyin suna bin hanyar ruwa daga fangali zuwa fangali. Ambaliyar kogi ma tana kwaso su daga wata garka ta kai wata.

Ta biyar, kayan aiki. Laka da ta manne a hauya, ko a takalmi, ko a ƙafar amalanke, tana ɗauke da iri.

Ta shida, hannun mutum. Yara suna son wasa da ita don launinta. Su tsinko, su yi zobe da abin wuya, su yar bisa wata shuka. Guntun kuskut ba ya mutuwa nan take. Idan ya faɗi bisa shukar da yake so, sai ya nannaɗe ta ya ci gaba da rayuwa. Ka gaya wa yaranka wannan.

Yadda za ka fitar da ita

Kuskuren da aka fi yi shi ne wannan: mutum ya sa hannu ya yaye zaren, ya watsar gefe, ya ce ya gama. Bai gama ba. Bakunan nan da suka shiga cikin kara suna nan da rai. Bayan ƴan kwanaki sabon zare zai toho daga wurin. Wanda ya watsar gefe kuma ya kama wata shuka. Da wuri guda ne, yanzu ya zama biyu.

Ga yadda ake yi.

1. Zagaya garkarka kowace safiya, ka duƙa ka duba gindin shuka. Sati huɗu na farko bayan shuka ko dashe su ne suka fi muhimmanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2. Idan ka ga ɗan zare ya tsiro bai kama komi ba tukuna, tuge shi, ko ka bi wurin da hauya sama-sama. Wannan shi ne aiki mafi sauƙi duka.

3. Idan ta riga ta kama reshe, yanke reshen daga ƙasa da inda ta manne. Ka bar tazarar yatsa biyu ko uku. Kada ka tsaya warwarewa.

4. Idan ta kama uwar kara, ko shukar ƙarama ce kamar albasa da karoti, tuge shukar gaba ɗaya. Na san da zafi. Amma gara ka rasa gindi biyar yau da ka rasa fangali goma gobe. Duba maƙwabtan wadda ka tuge, sau da yawa zaren ya riga ya taɓa su.

5. Ka zo da buhu har wurin. Duk abin da ka yanke, sa shi cikin buhu nan take. Kada ka ɗauko shi a hannu kana ratsa garka, guntaye suna zuba. Tsince duk wanda ya faɗi.

6. Kai buhun wurin da ba shuka, ka zazzage, ka haɗa da busasshen kara ka ƙone ƙurmus. Ka lura da iska, kada wuta ta kama shingen wani. Idan ba halin ƙonawa, haƙa rami mai zurfin kamu guda ko fiye, a wurin da ba a noma, ka binne.

7. Abu uku kada ka yi: kada ka ba dabbobi, kada ka zuba cikin ramin taki, kada ka jefa cikin kogi ko hanyar ruwa.

8. Kafa tsinke a wurin don ka gane shi. Ka dawo bayan kwana uku, ka sake dawowa bayan sati. Duk abin da ya toho, maimaita aikin.

9. Kankare laka daga hauyarka da takalminka kafin ka shiga fangali mai lafiya. Kullum ka fara aiki daga wuri mai lafiya, ka ƙare a wurin da ta kama.

Babbar doka ita ce: ka riga ta fure. Da ka ga fararen dunƙule a jikin zare, lokaci ya ƙure, yau za a yi aikin ba gobe ba.

Wani zai ce: "Ba magani ne da za a fesa?" Ka sani, maganin ƙwari ba ya kashe ciyawa, asarar kuɗi ce kawai. Maganin ciyawa kuwa, tunda kuskut da shukarka sun zama jiki guda, abin da zai kashe ta yana iya kashe tumatir ɗinka. Kada ka sayi kwalba marar takarda a bakin hanya ka fesa wa abin da mutane za su ci. Tambayi malamin gona tukuna.

Idan ta riga ta zubar da iri

Wataƙila ka karanta wannan darasi a makare, ta riga ta bushe ta zubar da ƴaƴa cikin fangalinka. Kada ka yanke ƙauna. Ka tuna abu biyu da muka ce ka riƙe.

Na farko: ɗan tsiron da bai samu abin kamawa ba, cikin kwana 10 yake mutuwa. To, yaudare ta. Tara busasshen zaren ka ƙone shi nan inda yake. Gyara fangalin, ka ba shi ruwa kamar ka yi shuka, amma kada ka shuka komi. Ƙwayoyin da ke sama za su tsiro. Bi su da hauya sama-sama, ka cire duk wani haki da za su iya kamawa. Bayan sati biyu ka sake. Kowane zagaye yana rage irin da ke cikin ƙasa.

Na biyu: ba ta rayuwa bisa dangin hatsi. To, wannan fangali ka sa masa masara ko dawa. Za ta tsiro, ta rasa abinci, ta mutu. Amma sai ka yi noma da kyau, don idan ka bar haki mai faɗin ganye tsakanin masara, shi za ta kama ta yi iri. Shekara guda ba ta isa ba. Ka yi shekara biyu ko uku kana haka kafin ka mai da tumatir ko albasa wurin. Ko bayan nan ka ci gaba da sa ido.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha. Sayi iri cikin ƙunshi rufaffe mai suna, ko wurin wanda ka san garkarsa. Idan kai ke ajiye irinka, kada ka ɗiba daga fangalin da kuskut ta taɓa. Duba dashe ɗaya-ɗaya kafin ka dasa. Wurin renon iri ya zama wuri mai tsabta, wanda ba ta taɓa fitowa ba. Taki kuwa, tara shi a rami, ka jiƙa, ka jujjuya, ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin ka kai garka. Zafin ramin yana rage ƙwayoyin haki masu rai. Nome gefen fangali da bakin hanyar ruwa da gindin shinge.

Aikin kowa da kowa

Garakenmu na bakin kogi manne suke da juna. Shinge ba ya tare kuskut. Idan ka tsabtace taka, maƙwabcinka ya bar tasa, baɗi za ta dawo maka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma abin da ya fi, ka taya shi kashe wutar.

Idan ka gan ta a garkar maƙwabci, gaya masa cikin ladabi. Wataƙila bai san ta ba. Ka ce: "Malam, zo ka ga wani abu." Ka nuna masa bakunan da suka huda kara, ka karanta masa wannan darasi. Idan kuna da ƙungiyar masu garka, ku kai maganar wurin taro. Ku sa rana guda ku yi gayya, ku bi hanyoyin ruwa da wuraren da ba mai su.

Idan kun yi shakkar wata ciyawa, ku sa guntunta cikin leda, ku ɗaure bakin da kyau, ku kai wa malamin gona na unguwarku. A nan Yamai akwai ma'aikatar kare tsirrai, akwai kuma INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wadda aka kafa a 1975. Aikinsu ke nan, kada ku ji nauyin tambaya.

Gobe da safe, kafin ka fara ban ruwa, zagaya garkarka sau ɗaya, ka duƙa ka duba. Allah ya ba da albarkar noma, ya tsare mana amfaninmu. Amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa kuskut ba ta iya rayuwa ita kaɗai?

2. Faɗi tambayoyi uku da za ka yi wa ciyawar da ta hau shukarka.

3. Kawo bambanci biyu tsakanin kuskut da rumfar gada.

4. Don me yaye zaren da hannu ba ya isa?

5. Waɗanne shuke-shuke ne za ka sa a fangalin da ta zubar da iri?

6. Rubuta cikin littafinka sunayen ciyayi masu hawa da ke garkarku ko unguwarku. A gaban kowace, rubuta amfaninta ko ɓarnarta.